Yajin Haƙarƙari a Gashin Hayaƙi na Amurka: Me Ke Shiga Nama, Me Ke Tsayawa a Sama

A kudancin ƙasar Amurka akwai wata hanyar gasa nama wadda ba ta son gaggawa ko kaɗan, domin ana ajiye naman ne nesa da wuta, a cikin rufaffen murhu na ƙarfe ko na bulo, a bar zafi mai sauƙi da hayaƙin itace su yi ta ratsa shi tun daga hantsi har bayan la'asar. Su suna kiran wannan gashi babakyu, kuma a cikin sassan dabba babu wanda ake yawan gardama a kan yadda za a gasa shi kamar haƙarƙari. A biranen Memfis da Kansas haƙarƙarin alade aka sani, naman da Musulmi ba ya ci, a tsakiyar jihar Teksas kuwa saniya ce ke da fada, a garin Owensboro na jihar Kentaki kuma tunkiya. Sai dai kowace dabba aka yanka, da wuya haƙarƙarinta ya iso gaban mai ci ba tare da an bi shi da busasshen garin kayan ƙamshi ba, garin da idan Bahaushe ya gani ba zai kira shi da wani suna ba sai yaji. A kantunan ƙasar ana jera irin wannan yaji kwalba-kwalba, kowace da sunanta mai jan hankali, har mai saye ya rasa wadda zai ɗauka, alhali abin da ya bambanta su bai taka kara ya karya ba idan aka san aikin da kowane sinadari yake yi.

Kuskuren farko da yawancin mutane suke yi shi ne ɗaukar yajin a matsayin abu guda. A gaskiya abu biyu ne aka haɗa a kwalba ɗaya, wato gishiri a gefe guda, da duk sauran kayan a ɗaya gefen, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne, lokacin da suke bukata ma ba ɗaya ba ne. Gishiri idan ya sauka a kan ɗanyen nama yakan fara da jawo ruwa waje, har a ga saman naman ya yi gumi cikin 'yan mintoci, sannan ya narke a cikin wannan ruwan ya shiga ratsa tsokar a hankali, yana sassauta sinadaran da suka gina ta ta yadda za ta riƙe ruwanta idan zafi ya zo. Tafarnuwa da masoro da tattasai da sukari ba su da wannan ikon, saboda sinadaran ƙamshinsu sun fi na gishiri girma nesa ba kusa ba, wasunsu ma, kamar abin da ke sa barkono zafi, ba sa narkewa a ruwa sai a mai, kuma naman ɗanye kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin tsokarsa ruwa ne. Don haka ko an kwana biyu da yajin a jikin nama, abin da zai wuce milimita kaɗan daga sama gishiri ne kawai. Duk wanda ya yanka gasasshen haƙarƙari ya ɗanɗani tsakiyarsa ita kaɗai zai tabbatar da haka, domin zai ji gishiri da nama, amma ba zai ji tafarnuwa ba.

Daga nan ne lissafin gishiri yake zama abu na farko da ya kamata a warware, tun kafin a yi maganar ƙamshi. Ma'aunin da masu gashi da yawa suka tsaya a kai shi ne kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin naman da ba shi da ƙashi, wato giram 10 ga kowane kilo, amma tun da haƙarƙari wani babban ɓangare nasa ƙashi ne, kuma ƙashi ba ya shan gishiri, sai a rage zuwa giram 5 ko 7 ga kilo. Ƙaramin cokalin shayi na gishirin gida mai laushi yana ɗaukar kusan giram 6, ke nan shafin haƙarƙari mai kilo ɗaya da rabi yana bukatar kimanin cokali ɗaya da rabi. Akwai tarko a nan ga mai bin girkin Amurkawa a rubuce, domin su yawanci da gishiri mai manyan ƙwayoyi suke aunawa, wanda wani nau'insa cokali guda bai kai rabin nauyin cokalin gishirin gida ba sai da kyar, saboda iskar da ke tsakanin ƙwayoyin. Wanda ya karanta cokali biyu ya zuba cokali biyu na gishiri mai laushi ya kusan ninka abin da ake nufi, kuma gishiri in ya yi yawa a nama babu dabarar da za ta fitar da shi. Sikelin kicin ya fi cokali amana a wannan fanni.

Wannan ne ya sa nake ganin yajin da aka haɗa ba tare da gishiri ba ya fi na kanti amfani, ko da na kantin ya fi shi kyan kwalba. Dokar Amurka ta wajabta a jera sunayen kayan haɗin abinci a jikin mazubi bisa nauyinsu, mai yawa a gaba, mai ƙaranci a baya, kuma idan aka juya yawancin kwalaben yajin gashi za a tarar gishiri ko sukari ne a sahun farko, tun da su ne mafi arha. Matsalar ita ce mai irin wannan yaji ba shi da ikon ƙara ƙamshi sai ya ƙara gishiri, kuma ba shi da ikon ba gishiri lokacinsa sai ya jiƙa sauran kayan tun da wuri su zama taɓo. Wanda ya raba su kuwa yana iya barbaɗa gishirinsa tun dare, ko aƙalla awa biyu kafin gashi, ya sa naman a firji, sannan da safe ya bi shi da sauran yajin gwargwadon yadda ransa yake so. Ga wanda ya riga ya sayi na kanti mai gishiri, abin da ya rage masa shi ne kada ya ƙara wani gishirin, kuma ya duba ledar naman da kyau, saboda a manyan kantunan Amurka ana sayar da naman da aka riga aka ɗura wa ruwan gishiri a masana'anta, ana kuma rubuta haka a jikin ledar da ƙananan haruffa.

To idan sauran kayan ba sa shiga ciki, mene ne aikinsu? Aikinsu gina ɓawo ne, wato wannan busasshiyar fata mai duhu da ke lulluɓe naman bayan ya sha awanni a hayaƙi, wadda masu gashin suke alfahari da ita fiye da komai, kamar dai yadda wasu suke rububin ƙanzo a gindin tukunya. Yadda take samuwa shi ne ruwan da gishiri ya jawo da kitsen da ya fara narkewa suna jiƙa garin ya zama kamar kwaɓi, hayaƙi ya riƙa mannewa a jikin wannan danshi, iska mai zafi kuma ta riƙa busar da shi kaɗan-kaɗan, har sinadaran naman da na sukari su fara haɗuwa su sauya launi da ƙamshi, haɗuwar da wani masanin Faransa mai suna Louis-Camille Maillard ya bayyana a shekarar 1912, ake kuma kiranta da sunansa har yau. Haƙarƙari ya fi kowane yanki cin moriyar wannan ɓawo, domin shi shimfiɗaɗɗe ne marar kauri, duk loma ɗaya da aka gutsura tana tafe da rabonta na sama, saɓanin katon curin nama wanda cikinsa ya rinjayi bayansa.

Sukari shi ne inda ra'ayoyi suka fi rabuwa, kuma a ganina ba a kan ɗanɗano rabuwar take ba, a kan wuta take. Gashin hayaƙi na asali ana yin sa ne tsakanin digiri 107 da 135 a ma'aunin Salshiyas, wanda Amurkawa suke kira 225 zuwa 275 a nasu ma'aunin, shi kuwa sukari ba ya fara ƙonewa ya koma ruwan zuma mai duhu sai wajen digiri 160, idan aka haura haka da yawa kuma sai ya yi baƙi ya yi ɗaci. Ma'ana, a cikin murhun da zafinsa bai wuce 135 ba sukari yana iya kwashe awa shida lafiya lau, yana narkewa yana ba ɓawon sheƙi da launin jan ƙasa, amma a kan garwashi kai tsaye ba zai kai rabin awa ba sai ya zama gawayi. Sukarin da suke amfani da shi mai ruwan ƙasa ne mai ɗan danshi, wanda ɗanɗanonsa ya yi kusa da na mazarƙwaila, wasu kuma sun fi son mai manyan ƙwayoyi wanda ba a tace shi sosai ba, saboda ba ya dunƙulewa a kwalba. Na taɓa koyon wannan darasi da naman layya, lokacin da na shafe haƙarƙarin rago da yaji mai rabin sukari na ɗora a kan raga, tazarar da ke tsakaninsa da garwashi ba ta fi taƙi ɗaya ba. Kafin in gama yanka albasa hayaƙin ya sauya wari, na juya naman na tarar gefen da ke kallon wuta ya yi baƙi ƙirin yana ƙyalli kamar kwalta, da na tsaga kuma jikin ƙashin ja wur, ko ɗumi bai gama yi ba.

Idan aka riƙe wannan alaƙa ta yaji da wuta, sai bambancin Kansas da Teksas da Memfis ya fito fili ba tare da an nemi wani dogon bayani ba. A birnin Kansas, inda wani baƙar fata mai suna Henry Perry, haifaffen yankin Memfis, ya fara sayar da gasasshen nama a farkon ƙarni na 20, salon da aka san garin da shi a yau shi ne wuta mai sanyi da dogon lokaci, don haka yajinsu yana ɗauke da sukari mai yawa, sau da yawa ninki biyu na garin tattasai, sannan a ƙarshen gashi a shafe naman da miya mai kauri ta tumatir da zumar rake. A tsakiyar Teksas kuwa sana'ar ta taso ne daga shagunan mahauta 'yan asalin Jamus da Cek, irin su Kreuz Market na garin Lockhart wanda ke ɗauke da wannan suna tun 1900, kuma su mahauta ne kafin su zama masu gashi, abin da suke son mai saye ya ji shi ne naman kansa. Yajinsu gishiri ne da masoro kawai, wani lokaci da ɗan barkono, har ana yi masa laƙabi da sunan wani kare mai dabbare-dabbaren baƙi da fari. Haƙarƙarin saniya mai ƙashi uku yana iya haura kilo biyu, yana kwashe awa takwas a hayaƙin itacen oak, kuma kitsensa da ƙarfin ɗanɗanonsa ba sa neman taimakon sukari.

Labarin Memfis ya fi ban sha'awa, domin sunan garin ne ake fara ambata duk lokacin da aka ce busasshen haƙarƙari, wato wanda ba a shafa masa miya ba, amma gidan abincin da ya fi yaɗa wannan suna ba ya yin abin da mutane suke zato. Charlie Vergos, ɗan baƙin da suka yi ƙaura daga Girka, ya buɗe wurinsa mai suna Rendezvous a shekarar 1948 a tsakiyar birnin, daga baya ya mayar da wata tsohuwar hanyar zuba kwal da ke ƙarƙashin ginin ta zama murhu, ya fara gasa haƙarƙari a kan garwashin gawayi kai tsaye, da wuta mai ƙarfi, cikin lokacin da ba ya kai awa biyu. A irin wannan wutar duk garin da aka shafa tun farko ƙonewa zai yi, saboda haka ana gasa naman ne ana yayyafa masa ruwan khal da aka sirka da ruwa da gishiri, sai bayan an sauke shi, yana jiƙe yana tururi, sannan a barbaɗe shi da yaji mai tafarnuwa da ganyen oregano irin na girkin Girkawa, da barkono da jan tattasai. Bahaushen da ya tsaya a gaban tukuba ya ga mai tsire ya zare nama daga tsinke ya barbaɗa masa yaji a kan takarda ya riga ya san wannan dabara, domin dalilin ɗaya ne: citta da masoro da kanumfari da ba su taɓa wuta ba suna isa hanci da cikakken ƙarfinsu. Sauran masu gashin Memfis, musamman waɗanda suke fafatawa a gasar da birnin yake shiryawa duk watan Mayu tun 1978, da yawansu suna haɗa hanyoyin biyu, su shafa yaji mai ɗan sukari kafin hayaƙi, su ƙara barbaɗa wani bayan an sauke.

Game da sauran kayan haɗin babu bukatar a tsawaita. Garin jan tattasai marar zafi shi ne gangar jikin yawancin yajin, aikinsa launi ne fiye da ɗanɗano, kuma idan ya daɗe a ajiye har ya koɗe ya koma ruwan ƙasa to ya tashi daga aiki. Akwai nau'insa na ƙasar Sifaniya da ake busarwa da hayaƙin itace, wanda ke da amfani ga mai gashi a oben, amma ga wanda ke da hayaƙin gaske ƙari ne marar dalili. Tafarnuwa da albasa an fi son masu ɗan tsaki-tsaki a kan masu laushi kamar fulawa, domin masu laushin suna dunƙulewa. Barkono kaɗan ya isa, tun da dogon gashi ba ya kashe zafinsa yadda yake kashe ƙamshin ganyaye.

Masoro ne ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Masu gashin Teksas ba sa yarda da niƙaƙƙe luƙui, sai ɓarzajje wanda ake ganin ƙwayoyinsa ɗaya-ɗaya, har suna da lambar rariyar da suke nema, wato mai lamba 16. Dalilinsu biyu ne, kuma duka biyun suna da ma'ana: mai laushin ƙamshinsa yana gudu da wuri ya bar zafi kawai, ɓarzajjen kuwa yana sa saman naman ya yi kaushi, kuma hayaƙi ya fi kama wuri mai kaushi da danshi a kan wuri mai santsi.

Wajen shafawa akwai abu guda da ake yi tun kafin a buɗe kwalbar yaji, shi ne cire tantanin da ke manne a bayan haƙarƙarin, ta gefen ƙashi. Ana cusa bakin cokali ko wuƙa marar kaifi a ƙarƙashinsa daidai kan ƙashi ɗaya, a ɗaga shi kaɗan, a kama da tsumma ko takarda saboda santsi, a ja shi a hankali ya taso gaba ɗaya kamar leda. Idan aka bar shi, yajin da aka zuba a wannan gefen a kan tantani zai zauna ba a kan nama ba, bayan gashi kuma ya zama abu mai tauri da ake ta tauna ba ya narkewa. Daga nan wasu sukan shafa mastad, wani kwaɓi mai ruwan ɗorawa da ɗan tsami, ko ɗan mai domin garin ya kama, kuma masu tsoron ɗanɗanon mastad ɗin su kwantar da hankalinsu, saboda bayan awanni a wuta ba a jin sa ko kaɗan. Ni dai ina ganin naman da ya kwana da gishiri ya riga ya yi danshin da ake bukata. Shi kuma garin, duk da sunan da Amurkawa suka ba shi yana nufin gogawa, ba a goga shi, ana barbaɗa shi ne daga sama, hannu a ɗage kamar taƙi ɗaya domin ya sauka daidai, a fara da gefen ƙashi a ƙare da gefen tsoka, sannan a danna da tafin hannu. Gwargwadon da ya dace shi ne a rufe naman amma ana iya hango launinsa ta ƙarƙashi, kimanin babban cokali biyu zuwa uku ga shafi guda. Idan aka labta da yawa garin ba ya samun maiƙon da zai jiƙa shi duka, sai ya fito da gari-gari a baki. Bayan an barbaɗa sai a jira kamar rabin awa, har garin ya jiƙe ya yi duhu, kafin a kai shi murhu.

A cikin murhun ma yajin bai tsira ba tukuna. Hayaƙin da ake so siriri ne mai shuɗi-shuɗi wanda da kyar ake ganinsa, daga busasshen itace irin su hikori ko oak ko itacen tufa, amma farin hayaƙi mai kauri na ɗanyen itace ko na wutar da ta rasa iska yana mannewa a jikin jiƙaƙƙen yaji ya bar ɗaci da ba ya fita. Masu fesa wa naman ruwan tufa ko ruwan khal domin kada gefensa ya bushe ba sa farawa sai bayan awa biyu ko fiye, sai sun kankari saman da farce sun ga garin bai taso ba, in ba haka ba ruwan zai wanke abin da aka sha wahalar shafawa ya zubar a ƙasan murhu. Haka nan sanannen tsarin nan na awa uku a buɗe, awa biyu a naɗe cikin takardar alminiyam, awa ɗaya kuma a sake buɗewa, yana sa nama ya yi laushi da wuri amma a kan ɓawon ake biyan kuɗin, domin tururin da ya taru a cikin naɗin yana jiƙa shi ya saki, kuma awar ƙarshen nan an ƙirƙiro ta ne don a gyara ɓarnar da naɗin ya yi. Ga ƙananan haƙarƙari na kusa da gadon baya awa biyu a naɗe ta yi yawa, naman yakan saɓule daga ƙashi kamar dafaffe. Masu gashin Teksas da yawa sun koma naɗewa da takardar mahauta, wadda ke barin tururi ya fita, wasu kuma ba sa naɗewa sam.

Hukumar aikin gona ta Amurka ta ce tsokar nama ta kuɓuta daga cuta idan cikinta ya kai digiri 63 aka kuma bar ta ta huta minti uku, amma haƙarƙari a wannan mataki tauri ne da shi kamar igiya, saboda jijiyoyin da suka ɗaure shi ba sa gama narkewa sai cikinsa ya kai wajen digiri 90 zuwa 95, wanda kan ɗauki awa biyar ko shida ga babban shafi. Tun da ma'aunin zafi yana wahalar samun wurin zama tsakanin ƙasusuwa, masu gashin sukan ɗaga shafin da awartaki daga tsakiya su ga ko zai lanƙwasa har ɓawon ya fara tsagewa, su kuma duba bakin ƙasusuwan ko nama ya janye ya bar kamar santimita ɗaya a waje. A lokacin ne mai bin salon Memfis yake sauke shi, ya shafa masa ɗan ruwan khal da buroshi, ya ɗebo yajin da ya ware tun farko wanda bai ga wuta ba, ya niƙe shi ya ƙara laushi tun da yanzu ba ɓawo zai gina ba, ya barbaɗa kaɗan a sama, sannan ya juya shafin ƙashi yana kallon sama domin ya ga inda wuƙa za ta bi.